Goɗiyoyina biyu sun yi asarar 'ya'ya cikin kwana goma sha ɗaya, ta uku na da ciki wata takwas

Mai_Goɗiya_Dakace:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki. Shawara nake nema, don wallahi abin nan ya hana ni barci. Goɗiyoyi uku gare ni a gona ta bayan Dakace, gunya da bidi da kili (da launinsu nake kiransu), kuma duk suna da ciki. Ranar Talata waccan da asuba yaron barga ya buga mini waya wai gunyar ta yi ɓari. Cikin wata tara. Daren ta ci harawarta ta sha ruwa, ba tari ba majina, hantsarta ma ba ta cika ba. Da na isa na tarar da ɗan kwance cikin jakarsa, ko fashewa ba ta yi ba. Jikinsa sabo, ba wari, gashi ya gama fitowa, sai ka ce barci yake yi. Uwar kuwa tana tsaye tana cin dusa kamar ba ita ba. Na ce ƙaddara ce, muka haƙa rami muka binne.

To shekaranjiya bidin ta haihu, ita kwananta sun kusa cika. Duƙushin ya zo da rai amma ya kasa miƙewa. Farin idonsa rawaya kamar mai shawara, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa da sauri. Muka tatsi dakashi a kwalba muna ɗiga masa, ya haɗiyi kaɗan ya bari. Na kwana a kansa da tocila. Jiya bayan la'asar ya mutu.

Saura kilin, wata takwas. Wanda ya taɓa ganin irin wannan don Allah ya yi magana.

Zagin_Kwarbai:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da alheri Alhaji. Biyu a jere ba ƙaramin abu ba ne.

Mai_Akawal:
Allah Ya musanya. Amma bari in tambaya, ba a cika musu kanwa ba? Mu tun tasowarmu ana cewa goɗiya mai ciki ba a sakar mata kanwa. Ko kuma harawar ta yi fumfuna, ka san wadda aka tara kafin ta bushe sosai takan yi baƙi daga ciki.

Dattijon_Ƙofar_Gayan:
Ɗana, kada ka raina baki. Goɗiya uku masu ciki a turke guda, kowa ya wuce sai ya yaba, ba kowa ke cewa tubarkalla ba. Ka yi sadaka, ka sa a yi addu'a a bargar. Shekarata sama da arba'in ina ɗaure doki, na ga abubuwa.

Mai_Goɗiya_Dakace:
Na gode Baba, sadaka kam na yi, kuma zan ƙara. Malam Mai_Akawal, kanwa kaɗan ake jiƙa musu sau ɗaya a mako, yadda aka saba shekara da shekaru. Harawar ta gonata ce, ni na tsaya aka ɗaure ta a bushe.

Likitar_Dabbobi:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da wannan rashi. Ban ga dabbobin da idona ba, kuma gwaji ne kaɗai ke yanke hukunci, amma abubuwa uku da ka faɗa sun sa dole in fara zargin cutar hapis ta dawaki, wadda muke kira EHV-1. Na farko ɓarin ya zo a ƙarshen ciki, kuma wannan ƙwayar ta fi zubar da ciki daga wata bakwai zuwa sama. Na biyu uwar ba ta nuna alamar komai ba, ɗan ya faɗo sabo cikin jakarsa. Da mahaifar ce ta ruɓe saboda ƙwayoyin bakteriya, galibi za ka ga hantsa ta cika kafin lokaci, ko wani ruwa na fita ta baya kwanaki kafin ɓarin. Na uku duƙushin da ya zo da rai, da rawayan ido da numfashi sama-sama, ya mutu cikin kwana biyu. Haka take yi idan ta kama ɗan daf da haihuwa, huhu da hanta sun riga sun lalace tun yana ciki, duk irin jinyar da aka yi masa da wuya ya tashi. Saboda haka kada ka zargi kanka kan daren da ka kwana a kansa, ba abin da ka rage.

Yadda take aiki shi ne, ta hanci take shiga. Daga nan ta hau fararen ƙwayoyin jini su kai ta mahaifa, ta kumbura ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ɗan, mabiyiya ta saki farat ɗaya. Tsakanin shigarta da ɓarin ana iya yin mako biyu, ana iya yin watanni.

Tambayoyi biyu, kuma ka amsa mini yau don Allah. Akwai baƙon doki ko jaki da ya shigo gonar cikin watanni uku da suka wuce? Sannan gawar duƙushin na jiya, kun binne?

Mai_Goɗiya_Dakace:
Likita, gabana ya faɗi da tambayarki ta farko. Akwai. Wani aminina ya sayo ingarma daga Maigatari don hawa, kafin ya gama gyara turkensa a cikin birni ya roƙe ni ya kwana biyu a wurina. Ya yi kwana goma sha biyu. Yau mako shida ke nan da tafiyarsa. Ya ɗan yi majina fara-fara kwana uku, muka ce ƙurar hanya ce da sanyin hunturu. Ban haɗa shi turke da goɗiyoyin ba, amma gaskiya a rabin duro ɗaya suke shan ruwa.

Gawar jiya da magariba muka binne ta.

Likitar_Dabbobi:
To ka ji. Tun yanzu ga abin da za ka yi kafin komai. Gunya da bidi a ware su nesa da kilin, kwana 28 cif, da bokitinsu da ragamarsu da mai kula da su daban. Idan mutum ɗaya ne dole, to ya fara da kilin da safe, ya gama da waɗancan, ya wanke hannu da sabulu ya sauya riga da takalmi. Shimfiɗar ciyawar da suka haihu a kai a kwashe a ƙone. Ruwan haihuwa da mabiyiya da gawar ɗan su ne suka fi kowane abu ɗauke da ƙwayar, goɗiya ta sunsuna wurin kawai ya ishe ta. A kankare ƙasan wurin, a wanke duro da bokitai da sabulu tukuna, sannan a bi da Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara. Idan ba a fara wanke dattin ba maganin ba ya ci.

Kilin kuwa kada ka ɗora ta a mota ka ce za ka tsere da ita wani gari. Wahalar tafiya na iya tayar da abin, kuma in tana ɗauke da shi ka kai wa wasu. Ka bar ta a gonar, a gefe mai tsabta, da abincin da ta saba. Ka sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, a auna ta ta dubura safe da yamma a rubuta. Lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5. Ya wuce haka ka kira likita.

Gawar da an same ta sabuwa da an ɗebi hanta da huhu da saifa a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta. Duk da haka ka je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru gobe da safe ka ba su labarin yadda ka ba mu. Za su faɗa maka ko akwai abin da za a iya ɗiba har yanzu, su kuma ɗauki jini da majinar goɗiyoyin.

Ɗan_Kilisa:
Likita afuwan, wannan ba ita ce wadda ke kumbura saman ido ba? Akwai shekarar da dawaki suka yi ta mutuwa ƙarshen damina, kumfa na fita ta hanci.

Likitar_Dabbobi:
A'a ɗan'uwa, waccan daban ce, ita ake kira cutar dawakin Afirka. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da magariba ne ke yaɗa ta, shi ya sa take bin damina. Ita hapis ba ruwanta da ƙwaro. Hanci da hanci, tari, bokiti, linzami, hannun mutum.

Bafillacen_Giwa:
Mu a shanu in ɓari ya yi yawa a garke cutar bakkale muke zargi, kuma ita tana kama mutum ta madara. Wannan fa? Yaron da ya ɗauki gawar da hannu ba abin da zai same shi?

Ɗalibi_Aji_Biyar:
Kawu, wannan ba ta kama mutane, ta dangin doki ce, har jakuna da alfadarai suna iya ɗauka. Amma duk ɓarin dabba a sa safar hannu ko leda, tunda kafin gwaji ba a san me ya jawo ba, kuma hannun da ya taɓa shi ne zai je ya kama bakin wata goɗiyar.

Bari in ƙara abin da aka koya mana, a gyara mini in na kauce. Danginta ɗaya da ƙwayar ƙarambau ta mutane, da kuma ƙurajen nan da ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi. Halinsu guda: in sun shiga jiki ba sa fita. Sai su laɓe a wata jijiya ta fuska da cikin kaluluwa, su yi shiru shekara da shekaru. Ranar da dokin ya sha wahala, doguwar tafiya a mota, sauya turke, yaye, ko faɗa da baƙin dawaki, sai ta farka ya riƙa zubar da ita ta hanci, wani lokaci ko majinar ma ba za a gani ba. Yawancin dawaki tun suna duƙusai suke ɗauka daga iyayensu. Tun 1933 wasu likitoci biyu, Dimock da Edwards, suka bayyana wannan ɓarin a jihar Kentaki ta Amurka. Akwai kuma 'yar'uwarta EHV-4, ita ta fi tsayawa a mura da tari ga ƙananan dawaki, ba kasafai take zubar da ciki ba. Da can ana ɗaukarsu abu ɗaya ne, sai wajen 1981 aka gane cewa biyu ne.

Dattijon_Ƙofar_Gayan:
To yaro, in har yawancin dawaki na ɗauke da ita kamar yadda ka ce, me ya sa ba kowace goɗiya ke ɓari ba? Mu da muka gaji dawaki kaka da kakanni ba mu san allura ba, kuma goɗiyoyi na haihuwa lafiya a ƙauyuka. Ni ban ce likita ƙarya take yi ba, amma komai sai Allah Ya so.

Likitar_Dabbobi:
Gaskiya ne Baba, komai sai da ikon Allah, kuma tambayarka tana kan hanya. Ka duba yadda ake riƙon dawaki a da. Goɗiya na ƙauye, ɗaya ko biyu a gida, tana kiwo a fili, da wuya ta ga baƙon doki sai ranar baye. Ingarmu na birni a turakunsu. Doki in zai zo daga nesa da ƙafarsa yake zuwa, zango-zango, kafin ya iso abin da zai zubar ya zubar a hanya. Yanzu kuwa a loda shi a mota da safe cikin wasu dawaki goma daga wurare goma, kafin isha yana cikin bargarka yana shan ruwa da goɗiya mai ciki. Ƙwayar tana nan tun da, mu ne muka gajarta mata hanya. Addu'a a yi, killacewa ma a yi, ba sa karo da juna.

Mai_Polo_Zariya:
Na goyi bayan Likita ɗari bisa ɗari, kuma ina so masu ingarmu kada su ce wannan maganar masu goɗiya ce. Irin wannan ƙwayar ce ke shanye ƙafafun baya. A watan Fabrairun 2021 ta ɓarke a wata gasar tsallake shinge a Balensiya ta ƙasar Sifen, dawaki suka watse zuwa ƙasashensu da ita, sai da hukumar wasannin dawaki ta duniya ta dakatar da gasanni a ƙasashe goma sha biyu na Turai har cikin Afrilu. Dawaki 18 suka mutu. Waɗannan fa dawaki ne da kuɗin ɗaya zai sayi barga guda a nan, da likitoci a kansu dare da rana. Kafin nan a 2011 an yi irinta a Ogden ta jihar Yuta a Amurka, ita ma daga taron gasa ta bazu.

Mu yanzu duk dokin da ya dawo daga wasa, Kaduna ne ko Katsina ko Kano, sai ya yi mako uku a gefe ana auna zafinsa kafin ya koma cikin 'yan'uwansa. Yaran barga suna ƙorafi aiki ya ƙaru, amma ba na sassautawa.

Sarkin_Zagage_Tudun_Wada:
Maganar shanyewar ƙafa ta tuna mini abin da ya same ni shekaru huɗu da suka wuce. Ina da wani danda, doki mai kyan tafiya, shi nake ba angwaye. Bayan wani hawan angwanci da aka tara dawaki sun fi talatin, da kamar mako guda ya yi zazzaɓi ya ƙi cin dawa, kwana biyu ya ware. Na ce shi ke nan. Wata safiya na kwance shi zan yi kilisa sai na ga bayansa na tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, kofaton baya na jan ƙasa. Na ɗaga wutsiyarsa na saki, ta faɗo laƙwas ba ƙarfi. Fitsari na ɗiga da kansa yana bin cinyoyi har suka saɓule. Washegari ya zauna a kan ɗuwawunsa irin zaman kare, ƙafafun gaba a miƙe, yana kallona. Wallahi ban taɓa mantawa da wannan kallon ba. Wani mai sayar da magani ya yi ta danna masa allurar kashe ƙwayoyin cuta kwana biyar, ba abin da ya sauya. Muka rataye shi da buhu da igiya a jikin bishiyar darbejiya don kada ya kwanta. Ya yi kwana tara. Har yau mutanen unguwa cewa suke jifa ne. Yanzu da na karanta bayanin nan jikina ya yi sanyi.

Likitar_Dabbobi:
Allah Ya mayar da alheri Malam. Abin da ka zana ya yi kama da ita ƙwarai, musamman wutsiyar da fitsarin. Yadda take toshe jijiyoyin jinin mahaifa haka take yi wa na laka. Allurar da aka yi ta yi masa ba ta taɓa ƙwayar bairos, ta bakteriya ce. Abin da ake yi shi ne a sauke kumburi da zazzaɓi, a sa roba a zuƙe fitsarin don mafitsara ba ta iya matsewa, a ba shi ruwa, a hana shi gyambon kwanciya. Wanda bai kai ga faɗuwa ba sau da yawa yana warkewa. Wanda ya kwanta ya wuce kwana ɗaya bai tashi ba, lamarin ya yi nauyi. Sai dai a kiyaye, duk dokin da ya fara tangaɗi ko sauya hali kada a riƙa tura masa hannu a baki, don ciwon haukan kare ma yana kama doki, kuma shi yana kashe mutum.

Mai_Akawal:
Ni fa ingarmana ya taɓa yin ƙuraje a gabansa bayan baye, goɗiyar ma ta yi, suka fashe suka warke suka bar fararen tabo. Wani ya ce mini hapis ce. Ke nan duk goɗiyar da ya hau za ta yi ɓari?

Ɗalibi_Aji_Biyar:
A'a Malam, waccan ta uku ce, EHV-3. Ita ta baye ake ɗauka, iyakarta fatar gaba, cikin mako biyu zuwa uku take warkewa, ba ta zubar da ciki. A dai dakatar da baye har ƙurajen su bushe sarai.

Uwar_Duƙushi:
Ni abin da nake so in roƙa daban ne. Alhaji don Allah kada a huce a kan yaron barga. Na san yadda ake yi, da an yi asara sai a ce sakacinsa ne, a kore shi ba ko sisi. Yaron nan shi ya tashi da asuba ya gani, shi ya kira ka. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa duro ɗaya na iya kashe ɗa a ciki. Mu kanmu yau muka ji. Mahaifina ya yi aikin barga shekara ashirin, na san abin da nake faɗa. A koya musu, a saya musu sabulu da takalmin roba.

Mai_Goɗiya_Dakace:
Hajiya, wallahi ban yi masa ko tsawa ba. Shi ya fi ni kuka jiya, shi ya yi ta tatso dakashin. In akwai wanda ya buɗe ƙofa ni ne, ni na karɓi baƙon dokin. Amma ya gaya mini wani abu yanzu da na kira shi: ranar da gunyar ta yi ɓari, kafin ya farka bidin ta tsinke igiya tana tsaye a kan ɗan tana sunsunawa. Kilin tana ɗaure can gefe, ba ta je ba.

Zagin_Kwarbai:
To Alhamdulillahi, ko wannan ma abin a riƙe ne. Allah Ya tsare ta.

Mai_Polo_Zariya:
Alhaji, ka sanar da aminin naka? Dokin nan yanzu yana cikin birni, ƙila a turke ɗaya da wasu.

Mai_Goɗiya_Dakace:
Nan ne na rasa yadda zan yi. Tare muka taso tun makarantar allo. In na ce masa dokinka ne, zai ɗauka ina neman ya biya ni, alhali ko a raina babu.

Dattijon_Ƙofar_Gayan:
Kada ka faɗa masa ta waya. Ka taka ka je gidansa bayan isha, ku gaisa, ka ba shi labarin rashin da ka yi tukuna. Sannan ka ce likita ta ce a lura da duk dokin da ya zauna a gonar, har nasa. Ba ka ɗora masa laifi ba, kuma ka sauke nauyi. Zumunci ya fi doki, amma ɓoye masa ma cin amanar maƙwabtansa ne.

Likitar_Dabbobi:
Shawarar Baba ta yi daidai, kuma akwai gaskiyar da za ta sauƙaƙa maka: ba wanda zai iya rantsuwa cewa dokinsa ne ya kawo. Yana yiwuwa ɗaya daga goɗiyoyinka ce ke ɗauke da ita tun tana ƙarama, ta farka da kanta. Zargi ne mai ƙarfi, ba hujja ba. Bayan mako shida kuma akwai yiwuwar ya daina zubarwa. Abin da za ka roƙe shi kawai, ya tambaya ko wani doki a layinsu ya yi zazzaɓi ko tangaɗi, kuma kada a kai nasa kusa da goɗiya mai ciki.

Ɗan_Kilisa:
Wai babu rigakafi ne? Duk wannan wahalar ai allura ɗaya ta fi sauƙi.

Mai_Polo_Zariya:
Akwai, amma ba ɗaya ba ce. Goɗiya mai ciki sau uku ake yi mata, wata na biyar da na bakwai da na tara, kuma kowane ciki sai an sake. Ni da na nema a shagunan magungunan dabbobi na nan ban samu ba, sai da na sa aka kawo mini daga waje cikin ƙanƙara. Wannan sanyin shi ne matsalar, in ta yi zafi a hanya ka sayi ruwa ne kawai.

Likitar_Dabbobi:
Haka ne. Kuma a san iyakarta: tana rage ɓari da yawan ƙwayar da doki ke zubarwa, amma ba garanti ba ce, kuma ba a dogara da ita wajen hana shanyewar ƙafa. Ga kilin Alhaji da ta riga ta sha ruwa ɗaya da su, kada a je a sayo wata allura a caka mata ba tare da likitan da ya duba ta ya ce a yi ba.

Bafillacen_Giwa:
Ni dai har yanzu zuciyata ba ta bar maganar harawa ba. Na ga ɓari daga abinci mai fumfuna da idona. A duba duka biyun.

Mai_Akawal:
Shi ne abin da na faɗa tun farko. Kuma tagwaye ma na sa goɗiya ɓari, igiyar cibiya in ta murɗe ma haka.

Ɗalibi_Aji_Biyar:
Duk gaskiya ne, amma tagwaye da an ga biyu, kuma murɗewar cibiya ba kasafai take bin goɗiya biyu a jere ba. Shi ya sa gwajin ke da amfani. In an samu abin ɗiba ana iya aikawa har cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Zagin_Kwarbai:
Abin da ke damuna shi ne hawan Sallah. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Hawan Daushe ya san yadda ake cakuɗa, dawakin hakimai daga ko'ina, na aro, na haya, mai ruwa ɗaya na bi da bokiti yana shayar da kowa. Linzami ma aro ake yi, daga bakin wannan zuwa bakin wancan ko ɗauraya babu. Ba mai cewa a fasa hawa, gadonmu ne. Amma kowa ya riƙa zuwa da bokitinsa mana, nawa bokiti yake?

Sarkin_Zagage_Tudun_Wada:
Faɗa da baki ne mai sauƙi. Mai doki ashirin na haya zai ɗauko bokiti ashirin? Sai dai a ce dawakin gida ɗaya bokiti ɗaya, wannan zai yiwu. Ni dai daga yau linzamina ba ya fita aro.

Uwar_Duƙushi:
Likita, gunyar da bidin fa? Sun tashi daga haihuwa ke nan?

Likitar_Dabbobi:
A'a Hajiya, wannan ne ɗan sauƙin da ke ciki. Mahaifar ba ta lalacewa, yawancinsu suna sake ɗauka su haihu lafiya, kuma ba kasafai goɗiya ke maimaita irin wannan ɓarin a ciki na gaba ba. A dai bar su su cika kwanakin killacewa, a bar zafin neman namiji na farko ya wuce, likita ya duba mahaifar ta tsarkaka, sannan a kai su baye. Bidin a lura da hantsarta, tunda nono ya zo ba mai sha, a rage mata hatsi kwana kaɗan kada ta sanƙare.

Mai_Goɗiya_Dakace:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Yanzu na dawo daga gonar. Mun ƙone shimfiɗar, mun mayar da gunya da bidi can bayan rumbu, na sayo bokitai uku kala daban-daban don kada a rikita. Kilin na auna ta da kaina, 38.1, ta cinye dusarta, kuma da na ɗora tafin hannu a cikinta na ji ɗan ya motsa sau biyu. Gobe in Allah Ya kai mu zan je Samaru, daga nan da daddare in bi shawarar Baba.

Abu ɗaya na manta ban faɗa ba, Likita. Akwai jakin maƙwabcina da ke kawo mana ruwa daga rafi kullum da safe, kuma a inuwar da kilin take yanzu ake ɗaure shi kafin a sauke jarkokin.

Likitar_Dabbobi:
A sauke jarkokin a bakin gona daga gobe, yaron ya shigo da su a baro. Jakin kada ya ƙara shiga sai bayan ta haihu. Ka turo mini awon safe in ka yi.

Ɗan_Kilisa:
To ni ina da hawan angwanci ranar Asabar a Gyallesu, kuma dokina tun jiya yake ɗan atishawa. Ma'aunin nan irin na mutane ne ko akwai na dawaki daban?